Waiwaye: Yadda zanen ƙin yaƙi ya tashi daga bango ya koma haja

A watan Disamban 2023 Banksy, shahararren mai zanen bango ɗan Birtaniya, ya zana jiragen yaƙi marasa matuƙa guda uku a kan allon "tsaya" na bakin titi a unguwar Peckham ta Landan. Mutane da dama suka ɗauke shi a matsayin kiran a tsagaita wuta a Gaza. Ko awa ɗaya ba a yi da sanar da aikin ba, aka zo aka datse allon aka yi gaba da shi da rana tsaka. Har yanzu gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: irin wannan zane saƙo ne ko kuwa dukiya ce da aka bari a waje?

Abin ba yau ya fara ba. Banksy ya taso ne a Bristol a shekarun 1990. A 2003 ya zana saurayin nan mai jifa da damin furanni a Beit Sahour, kusa da Baitalami, a 2005 kuma ya yi zane-zane a katangar da Isra'ila ta gina a Yammacin Kogin Jodan. A 2018 hotonsa na yarinya da balan-balan ya yayyanka kansa a wurin gwanjo bayan an saye shi fam miliyan ɗaya da 'yan kai, a 2021 aka sake sayar da shi sama da fam miliyan 18. Wannan kowa ya ji.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne labarin wata ƙofa. A farkon 2015 Banksy ya shiga Gaza, bayan yaƙin 2014 da ya ci rayukan Falasɗinawa sama da 2,000, ciki har da yara fiye da 500. Ya tarar da wani gida ya rushe, ƙofar ƙarfe kaɗai ta rage a tsaye. A jikinta ya zana Niobe, uwar da tatsuniyar Girkawa ta ce an kashe mata 'ya'yanta, ta sunkuya ta rufe fuska. Ɓaraguzan da ke kewaye su ne rabin zanen.

Maigidan bai san wane ne Banksy ba, kuma wanda gidansa ya zama ƙasa ina ya ga ta bibiyar farashin gwanjo? Ya sayar da ƙofar shekel 700, kusan dala 175. Da ya ji darajarta sai ya nemi a dawo masa da ita, magana ta kai kotu, 'yan sanda suka karɓe ta. Daga nan labarin ya juya: jaridun duniya suka koma lissafin nawa ƙofar za ta yi a kasuwa, gidan da ya rufta kuwa ya koma gefe. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Kasuwa ba ta iya sayen kufai, abin da za a ɗauka a tafi da shi take saye, kuma da zarar an ɗauke shi, zancen yaƙin ya zauna a baya.

A Nuwamban 2022 ya yi zane bakwai a Yukiren. Ɗaya daga ciki, wata mace sanye da takunkumin kare hayaƙi, riƙe da tukunyar kashe gobara, a bangon wani gida da ya ƙone a garin Hostomel, kusa da Kyiv. Wata bai cika ba aka yanke ta daga bangon.