Hoton na'ura sai da tambari: abin da dokar ƙasar Sin ta ce

A watan Janairun 2025, bayan girgizar ƙasar da ta afka wa gundumar Dingri a yankin Tibet, wani hoto ya karaɗe intanet a ƙasar Sin: ɗan yaro sanye da hular sanyi, ɓaraguzan gini sun danne shi. Jama'a suka yi ta yaɗawa cikin jimami. Ashe ba a taɓa haihuwar yaron ba, ƙirƙirarriyar basira ce ta zana shi. Wanda ya ƙura ido zai ga yatsu shida a hannunsa, amma wa ke ƙirga yatsu alhali tausayi ya kama shi?

Dokar da hukumar kula da intanet ta Sin ta fitar a watan Maris na 2025, tare da wasu hukumomi uku ciki har da ma'aikatar tsaron jama'a, ba ta dogara da idon mai kallo ba. Tun ranar 1 ga Satumban 2025 da ta fara aiki, duk hoto, bidiyo, murya ko rubutun da na'ura ta ƙirƙira sai an yi masa tambari iri biyu.

Na farko na fili ne, rubutu a jikin hoton da ke shaida cewa aikin na'ura ne. Ba a yarda a maƙala shi ƙanana kamar ƙwayar gero ba, domin an ƙayyade tsayin haruffan: kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na gajeren gefen hoton. Na biyu ɓoyayye ne, yana cikin bayanan fayil, ɗauke da shaidar kamfanin da manhajarsa ta yi hoton da lambar hoton kansa.

A ganina, inda dokar ta fi nauyi shi ne kan dandalin sada zumunta irin su Weibo da Douyin. Idan aka ɗora hoto, dole su duba. In sun ga ɓoyayyen tambari, su sanar cewa na na'ura ne. In babu amma mai ɗorawa ya faɗa da bakinsa, su rubuta cewa mai yiwuwa ne. In kuma ya yi gum amma alamu sun nuna, su rubuta cewa ana zargi. Shi ma mai ɗorawa wajibi ne ya bayyana, kuma an haramta goge tambari, sauya shi ko ƙirƙirar na bogi da gangan.

Sai dai akwai ɓaraka. Mutum ya ɗauki hoton allon wayarsa, ya yanke gefen da rubutun yake, tambarin biyu sun tafi. Kuma dokar ta cikin Sin ce. Ko da wayar hannunka Tecno ce ko Infinix, ƙirar kamfanin can, hoton da aka turo maka a WhatsApp a Kano ko Damagaram ba ya ƙarƙashinta.