Katin Bashi a Amurka: Ba Sai Ka Biya Kuɗin Ruwa Makinka Zai Tashi Ba

Wata magana ta daɗe tana yawo tsakanin 'yan uwanmu mazauna Amurka, musamman sababbin zuwa: wai in kana so makin bashinka (makin da bankuna ke dubawa kafin su ba ka bashi) ya tashi, kada ka biya katinka duka, ka riƙa barin ɗan saura don banki ya ci kuɗin ruwa. Wannan ba ya cikin doka, ba ya kuma cikin lissafin FICO, kamfanin da ke lissafa wannan maki. Abin ya fi ciwo ga Musulmin da ke gudun riba, ya koma yana biyanta da hannunsa saboda tsoron abin da babu shi.

Makin FICO daga 300 yake zuwa 850. Kashi 35 cikin 100 nasa biya a kan lokaci ne, kashi 30 kuma yawan abin da ake binka. Kuɗin ruwan da ka biya ba ya ƙara maka ko maki ɗaya. Wanda ya biya duk abin da takardar lissafin wata ta nuna kafin wa'adi, yawanci ba a ɗora masa ruwa a kan sayayya, kuma ana rubuta masa ya biya daidai.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ranar da ake kai rahoto. Galibin bankuna suna aika wa Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, adadin da ke kan kati ranar rufe lissafin wata, ba ranar wa'adin biya ba. A ce iyakar katinka dala 1,000 ce, ka kashe 800, ka biya duka bayan takarda ta fito. Ba ka saɓa komai ba, amma an riga an rubuta ka cinye kashi 80 na iyakarka, maki zai iya sauka. Maganin shi ne ka rage bashin kwana biyu ko uku kafin ranar rufewa. Haka nan kada ka yi gaggawar rufe katin da ka gama biya in ba shi da kuɗin shekara, domin iyakarsa za ta fita daga lissafi, sauran bashinka ya ƙara nauyi.

Dokar da ke kare mai biya ita ce CARD Act, wadda Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu a watan Mayun 2009. Katin ɗaiɗaikun mutane ta shafa, katin kasuwanci ba ya cikin yawancin kariyarta. Ta ce a aiko maka takardar lissafi aƙalla kwana 21 kafin wa'adi.

Sashen da ya fi wuyar fahimta shi ne yadda ake raba kuɗin da ka biya. Kati ɗaya zai iya ɗaukar bashi iri biyu: wanda ka kwaso daga wani kati ba ruwa na ɗan lokaci, da sayayya mai ruwa kashi 24, misali. Doka ta ce duk abin da ya haura mafi ƙarancin biya, dole a fara zuba shi a kan bashin da ya fi tsadar ruwa. In mafi ƙaranci dala 80 ne ka biya 300, to 220 za su tafi kan mai tsada. Su kuwa 80 ɗin, banki na da damar kai su kan bashin da ba ya haihuwa. A ganina nan dokar ta yi wa banki sassauci, domin mai ƙaramin ƙarfi, wanda mafi ƙarancin kaɗai yake iya biya, shi ne kariyar ba ta kai gare shi ba. Ko dala 20 ka ɗora a kai, ka shiga inuwar dokar.

Batun makara ma akwai tsoron da ya wuce kima. Makarar kwana ɗaya ko mako ɗaya tana jawo tara, amma ba a kai ta rahoto sai ta cika kwana 30. Idan ta cika, dokar rahoton bashi ta 1970 ta yarda tabon ya zauna har shekara bakwai. In ta haura kwana 60, banki zai iya ɗora ruwan horo a kan tsohon bashin ma, bayan sanarwar kwana 45. Sai dai in ka biya mafi ƙaranci a kan lokaci wata shida a jere, wajibi ne ya mayar da tsohon bashin kan ruwansa na da.

Saboda haka mai kati da yawa ya sa a riƙa cire mafi ƙaranci na kowane kati daga asusunsa kai tsaye, rarar kuma ya tattara ta a kan wanda ya fi tsadar ruwa. A yi hattara da kamfanonin da ke cewa ka daina biya su sasanta maka da banki. Watannin da ka daina za a rubuta su makara, a rubuta ba ka biya cikakke ba, kuma bashin da aka yafe, in ya kai dala 600, ana sanar da hukumar haraji ta IRS, tana iya lissafa shi cikin kuɗin shigarka.