Me ya hana Acela, jirgin ƙasa mai gudu na Amurka, sakin gudu?

Wane layi ake magana a kai?

Layin dogon da ya tashi daga Washington, ya ratsa Baltimore da Philadelphia da New York, ya tsaya a Boston, tafiyar kimanin kilomita 735. Kamfanin Amtrak ne ke da mafi yawansa, kuma babu layin fasinja a Amurka da ya kai shi cunkoso. Tun Disamba 2000 jirgin Acela ke kai-komo a kansa.

To ai mai gudu ne, ko?

Jirgin kam ba shi da laifi. Na farko yana kai kilomita 240 a awa, sababbin da kamfanin Alstom ya ƙera, waɗanda suka fara ɗaukar fasinja a 2025, sun ɗan zarce haka. Sai dai a wurare ƙalilan yake samun sakewa. Shi ya sa daga Washington zuwa Boston har yanzu ana cin kusan awa bakwai.

Me ke riƙe shi?

Tsufan hanya. Ramin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin Baltimore tun 1873 aka buɗe shi, ga lanƙwasa, dole jirgi ya rage zuwa kusan kilomita 48 a awa. Ramuka biyu na ƙarƙashin kogin Hudson, a mashigar New York, na 1910 ne, kuma guguwar Sandy ta cika su da ruwan gishiri a 2012, gishirin na nan yana cin siminti da wayoyi. Wasu wayoyin lantarkin da ke saman layin tun shekarun 1930 suke, da zafi ya yi sai su saki. A gaɓar teku ta jihar Connecticut kuwa kwana ce bayan kwana, ga jiragen ma'aikata masu tsayawa tasha-tasha a kan layi ɗaya.

A ganina nan ya kamata kuɗi su fara zuwa. Gyara wurin da jirgi ke rarrafe ya fi rage lokaci a kan ƙara masa gudu inda dama yake gudu, ko da yake rami ba ya kyau a hoton talla.

Me zai hana a shimfiɗa sabon layi na jirgi mai gudu, yadda Japan ta yi a 1964?

Fili. Birane ne a jere, ƙasa na da tsada. Gyaran ma ba sauƙi, don ba a iya rufe layin, yawancin aikin sai da dare ko ƙarshen mako.

Kuɗin fa?

Dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ware wa jiragen ƙasa dala biliyan 66. An fara aikin sabon ramin Hudson da na Baltimore, amma ba a sa ran kammala su kafin shekarun 2030.