Tambayoyi da Amsoshi kan Kiwon Tana a Tsofaffin Bokitai Domin Samun Taki

Wane irin mazubi ne ya dace?

Bokitan roba biyu masu cin lita 20 sun wadatar, muddin ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji a cikinsu ba. Ana huhhuda gindin ɗaya da murfinsa da ƙusa mai zafi, sannan a zura shi cikin ɗayan bayan an ajiye dutse a cikin na wajen, domin ruwan da ke tsiyayewa ya sami wurin taruwa.

Kowace tana ce ke yin wannan aiki?

A'a. Wadda ke haƙa rami can cikin ƙasa ba ta jure zaman bokiti. Ana buƙatar mai rayuwa a cikin ruɓaɓɓen ganye da tsohon kashin dabbobi, kamar jar tana Eisenia fetida, ko kuma Eudrilus eugeniae wadda asalinta daga Afirka ta Yamma ne. A ganina ta biyun ce ta fi dacewa da mai zama a wuri mai zafi, domin ta fi son ɗumi.

Me ake shimfiɗa mata, me kuma take ci?

Ana yayyaga kwali da tsohuwar jarida, a haɗa da busasshen ganye da ƙasa kaɗan, a jiƙa su yadda idan an matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu kawai zai fito. Abincinta ɓawon ayaba ne da na dankali, da ragowar ganyen miya, da dakakken ɓawon ƙwai, a riƙa binne su kaɗan-kaɗan. Nama da mai da madara da abinci mai gishiri ko yaji ba su da gurbi a ciki, saboda suna jawo wari da ƙudaje da ɓeraye.

Mene ne ya fi kashe ta?

Zafi da bushewa. Da fatarta take numfashi, don haka idan shimfiɗar ta bushe, ko rana ta gasa robar har zafin ciki ya kai digiri 35, asara ce ke biyo baya. Wajibi ne bokitin ya zauna a inuwa mai iska, a rufa masa jiƙaƙƙen buhu a lokacin bazara. Ruwa ma idan ya yi yawa yana toshe iska, sai tsami ya tashi. Maganinsa a ƙara busasshen kwali.

Yaushe ake kwasar takin?

Bayan kamar wata 3 zuwa 4, idan ya yi baƙi yana ƙamshin ƙasa. Ana juye shi a wuri mai haske, tanar ta nutse ƙasa don gudun hasken, sai a yaɗe na sama a kai wa shuka.