Ma'anar "Lord" a Birtaniya, daga rayuwar George Younger

Lord sarauta ce da Sarkin Ingila ke bayarwa, kuma kashi biyu ce: ta gado, da ta iya rayuwa, wadda ke bin mai ita kabari. Ta gadon tana da hawa biyar: Duke, Marquess, Earl, Viscount, sai Baron a ƙasa. Ta iya rayuwa kuwa dokar 1958 ce ta buɗe ƙofarta. Firayim Minista ke miƙa suna, Sarki ya amince, mutum ya shiga Majalisar Dattawa a matsayin Baron.

George Younger, ɗan Scotland, ya riƙe duka biyun. An haife shi a 1931, ya yi aikin soja da rundunar Argyll and Sutherland Highlanders har ya je yaƙin Koriya, ya dawo ya shiga kamfanin giya na danginsu. Daga 1964 zuwa 1992 yana wakiltar mazaɓar Ayr a jam'iyyar Conservative. Ya yi ministan harkokin Scotland daga 1979 zuwa 1986, sannan ministan tsaro zuwa 1989, daga baya ya shugabanci bankin Royal Bank of Scotland.

Duk tsawon shekarun da ya yi yana wakiltar Ayr shi ba Lord ba ne, ko da yake mahaifinsa Viscount ne. Nan mutane ke yawan kuskure: ɗa ba ya ɗaukar sarautar sai uban ya rasu. Hakan ma ya yi masa rana, domin mai kujera a Majalisar Dattawa ba ya tsayawa takarar Majalisar Wakilai. Sai da ya sauka a 1992 aka naɗa shi Baron Younger na Prestwick, sannan a 1997 ya gaji mahaifinsa, ya zama Viscount na huɗu. Da ya rasu a 2003, ta Prestwick ta tafi da shi, ta gadon ta koma wa ɗansa James. Shi kuma bai samu kujera nan take ba, saboda dokar 1999 ta rage masu zama ta gado zuwa 92. Sai a 2010 aka zaɓe shi.

Wajen kira, "Lord Younger" ake cewa, ba "Lord George" ba. Sir ne ke tafiya da sunan yanka. Lugga ma, lokacin da ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, Sir Frederick ne. Sai 1928 ya zama Lord.

A yi hattara da masu talla a intanet, masu sayar da ɗan fili a Scotland da bai kai tabarmar sallah ba, suna cewa wanda ya saya ya zama Lord. Laird, kalmar da suke fakewa da ita, wato mai gandu, ba sarautar majalisa ba ce, kuma ofishin rajistar filaye na Scotland ba ya ma yi wa irin waɗannan 'yan filaye rajista.