Waiwaye: Ficewar Nijar daga ECOWAS da Darasin Muritaniya da Aka Manta

Tun ranar 29 ga Janairun 2025, da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta tabbata, muhawara ba ta lafa ba a Sakkwato game da yadda ya kamata a sasanta wannan rabuwa. Wasu na ganin cewa wanda ya fita daga gida ya haƙura da abin da ke cikin gidan, wasu kuma, musamman fataken da ke bin hanyar Illela zuwa Birnin Ƙonni da albasa da wake da dabbobi, na cewa a fara tabbatar da zirga-zirgar jama'a kafin a taɓa kowace magana. Ɓangarorin biyu sukan yi magana kamar lamarin ya faɗo daga sama ne, alhali tushensa ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. An kafa ƙungiyar a Legas a watan Mayun 1975, a 1979 aka amince da yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, sannan a 1993 aka sabunta kundin ƙungiyar a Kwatano. Abin da ya faru a baya-bayan nan ma kowa ya shaida: sauyin mulki a Yamai a Yulin 2023, da rufe iyakar da ya tsayar da manyan motoci a Illela na tsawon watanni, da sanarwar ficewa a Janairun 2024.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne cewa waɗannan ƙasashe uku ba su ne farkon masu fita ba. Muritaniya, wadda ke cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar, ta miƙa takardar ficewa a Disambar 1999, kuma ta fita a Disambar 2000, bayan da hankalinta ya fi karkata ga ƙungiyar ƙasashen Magrib, wato na Larabawan arewacin Afirka, da ta shiga a 1989. A lokacin ne aka fara gwada sashe na 91 na kundin 1993, kuma gwajin ya nuna ƙarancin abin da ke cikinsa. Sashen ya ce ƙasa ta ba da sanarwar shekara guda a rubuce, ta kuma ci gaba da sauke nauyin da ke kanta a cikin shekarar. Bai tanadi wani zaman sasantawa ba, bai kuma faɗi matsayin ɗan kasuwar da ya riga ya kafa shago a wata ƙasa ba, balle makomar fasfo ko harajin kwastan ko ayyukan da aka fara tare.

Wannan giɓi bai dami kowa ba a wancan lokaci, domin Muritaniya tana can gefe, jama'arta ba su da yawa, kuma hulɗarta ta yau da kullum ta fi ƙarfi da Senegal da Mali ne kawai. Rabuwar ta wuce lami lafiya, kuma a ganina wannan sauƙin ne ya sa tambayoyin suka kwanta ba amsa. Sai dai ciniki ba ya bin takardar ficewa. Bayan shekara 17, a 2017, Muritaniya ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da ƙungiyar, wadda ta shafi kasuwanci da zirga-zirga, wato abubuwan da ya kamata a ce an daidaita tun ranar fita sai a lokacin aka zauna a kansu.

Masu kawo misalin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a wannan muhawara sukan tsallake wani bambanci. Sashe na 50 na kundin Tarayyar Turai ya wajabta a yi yarjejeniyar rabuwa, ya kuma ba da shekara biyu domin haka. Duk da wannan tanadi, ƙasar da ta kaɗa ƙuri'ar fita a Yunin 2016 ba ta fita ba sai 31 ga Janairun 2020, kuma abin da ya fi ba ta wahala shi ne iyakar ƙasa da ke tsibirin Ailan, inda jama'a ke tsallakawa kullum.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma a kanta akwai Gobirawa da Adarawa da suka haɗa aure da gona da kasuwa tun kafin a shata ta. A ranar da ficewar ta tabbata, ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƙasashen uku, a kuma bar kaya da mutane su wuce, har sai an ba da wata sanarwa. Wannan sassauci ne, amma na wucin gadi, kuma bafatake ba zai ƙulla cinikin shekara a kansa da kwanciyar hankali ba. Akwai hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, shekara huɗu kafin ECOWAS, wadda ficewar ba ta rushe ba, kuma a nan ne za a iya rubuta abin da ya shafi Illela da Ƙonni tun kafin a kammala babbar tattaunawa tsakanin ECOWAS da ƙasashen uku.