Waiwaye: Siffar kifi da yawan nau'insa a ruwan daɗi

Koguna da tafkuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin doron ƙasa ba, amma kusan rabin nau'in kifayen da aka sani a cikinsu suke. Wannan lissafi ya daɗe yana ɗaure wa masana halittu kai. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce siffa: wai dangin kifin da jikinsa ke saurin sauyawa, wani ya zama siriri, wani faffaɗa, wani bakinsa ya koma ƙasa, shi ne ke rarrabuwa zuwa nau'o'i masu yawa. Da gaskiya a ciki, sai dai tarihin binciken ya nuna ba a nan gizo ke saƙar ba.

A 1917 wani masani ɗan Sikotilan, D'Arcy Thompson, ya zana kifi a kan layuka masu murabba'i, sannan ya ja layukan ya karkata su, sai ga siffar wani kifin daban ta fito. Ido ya gani, amma babu hanyar aunawa. Sai wajajen 1990, da kwamfuta ta wadata, aka samu dabarar ɗora ɗigo a wurare sanannu a hoton kifi, kamar ƙarshen baki da tsakiyar ido da gindin wutsiya, a mayar da siffa lambobi.

Kafin nan wani masanin kifi, Karel Liem, ya riga ya tada ƙura a 1973. Ya duba dangin karfasa, ya lura da muƙamuƙi na biyu da ke can cikin maƙogwaronsu, wanda ke niƙa abinci. Tunda akwai mai niƙa a ciki, in ji shi, bakin waje ya samu sararin ƙwarewa a kan kamu kawai. Wanda ya ga kifayen Tafkin Tanganyika da ke gabashin Afirka zai fahimci abin da ya sa maganar ta karɓu. Akwai masu kankare gansakuka daga dutse, akwai masu fasa katantanwa. Akwai ma wani da ke cin ɓawon jikin 'yan uwansa: bakinsa a karkace yake, na wasu hagu, na wasu dama, yana laɓaɓowa ta baya ya yagi ɓawo ya tsere. Michio Hori ya nuna a 1993 cewa yawan masu bakin hagu da na dama yana hawa da sauka, domin idan ɓangare ɗaya ya yi yawa, kifayen da ake yaga sukan koyi tsare wannan gefen.

To amma tafkunan Tanganyika da Biktoriya su ne suka kawo cikas. Tanganyika ya kai shekara miliyan 9 zuwa 12, nau'in dangin karfasa a cikinsa kimanin 250, kuma siffofinsu sun fi na kowane tafki bambanta. Tafkin Biktoriya kuwa, binciken lakar ƙarƙashinsa a 1996 ya nuna ya ƙafe ƙurmus kimanin shekara 15,000 da suka wuce, amma yana da nau'i wajen 500, da yawansu kamar an tsaga kara. Idan siffa ce ke haifar da nau'i, yaya sabon tafki ya ninka tsoho?

Launi ne ya cike giɓin. A Biktoriya akwai nau'i biyu na Pundamilia, wani reshe na dangin karfasa, masu kama da juna a jiki, namijin ɗaya ja, na ɗayan shuɗi, mace kuma da launi take zaɓen miji. Ole Seehausen da abokan aikinsa sun gano a 1997 cewa inda ruwa ya gurɓace ya yi duhu, mata ba sa tantance launi, sai nau'o'in su cakuɗe su koma ɗaya. Siffa ba ta motsa ba, amma adadi ya ragu.

Ba a yi watsi da siffa ba dai. A 2013 Daniel Rabosky da tawagarsa sun auna dubban nau'o'in kifi, suka ga dangin da girman jikinsu ke saurin sauyawa su ne kuma ke saurin rarrabuwa. Gaiwa tana can ɗaya gefen: tsohon dangi ne ƙwarai, sauyinsa a hankali, nau'i shida kacal suka rage a duniya, alhali dangin tarwaɗa sun haura 3,000. A ganina, tafiyar abu biyu tare ba ta nuna wanda ke jan ragama ba. Kogi yakan rabu, tafki ya tsage gida biyu, kifayen kowane ɓangare su zama nau'i daban ba tare da jikinsu ya sauya a zo a gani ba.

Binciken da Fabrizia Ronco da abokanta suka fitar a 2021 kan kusan dukkan nau'o'in Tanganyika ya jera abin bisa lokaci. Siffar gangar jiki ce ta fara rarrabuwa tun farkon shigarsu tafkin, sai fasalin baki ya biyo baya. Muƙamuƙin maƙogwaro, wanda Liem ya ɗora wa komai, shi da zanen launin jiki sai daga baya suka yi nasu sauyin.